Ni Aka Kawo Wa Yaye, Shi Ta Bi

Ta cije ni a nan, gindin babban yatsa. Ina riƙe da ludayin kunu a hannu ɗaya, ɗaya hannun na tallabe ta, uwarta kuwa ta riga ta sulale waje tana share hawaye kamar wadda aka yi wa mutuwa. Yaye aka kawo mini. 'Yar babban ɗana ce, ta fari a wurinsa, ni ce kakarta, kuma ni aka ce a kawo wa. Na ba ta rubutun dangana, ta tofar. Na goya ta, ta dinga dukan bayana da goshi. Na yi mata waƙa da yarenmu na ƙauyen Mamudo, ta ƙara murya. Tun hantsi ake abu ɗaya har la'asar ta gota, matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna cewa, "Iya, ko dai a mayar da ita ne?"

Na ce ba za a mayar ba. 'Ya'yana duk sun watse, mazan sun yi gidajensu, matan an kai su nasu, gida ya rage daga ni sai Malam, mijina. Na riga na sa a raina wannan yarinyar tawa ce. Ni zan riƙe ta, a ɗakina za ta girma, ni zan yi mata gara in lokaci ya yi.

Sai ga Malam ya dawo daga kara. Ranar Laraba ce, ranar kasuwar shanu, rigarsa duk warin dabbobi. Ko takalmi bai cire ba ya ce, "Wa ya taɓa mini uwata?"

Shiru. Wallahi kamar an kashe rediyo. Ta juya ta kalle shi da jajayen idanu, ta miƙa hannu. Ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa, ya zagaya tsakar gida da ita yana nuna mata kaji, sannan ya zauna a kan turmi ya ce in miƙo kunun. Kunun nan da ta ƙi tun safe, wanda ni na jiƙa geron, na kai niƙa, na dama. Ta shanye tas a hannunsa, har tana lasar ludayi.

Matar maƙwabcinmu ta ce ta kan katanga, "Kai, Malam akwai farin jinin yara."

Ni ina tsaye da yatsa yana jini, ba wanda ya ce mini sannu.

Wannan "uwata" da yake ce mata, dalili gare shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar. To ni kuma surukata ce, matar da tun da aka kawo ni gidan nan daga ƙauye ban taɓa buɗe baki na faɗi sunanta ba, har ta koma ga Allah. Yanzu ga sunan ya dawo gidan da ƙafafu biyu yana fitsari a tabarmata. Ba ni da damar kiranta da shi. Sai dai in ce "ke", ko in ce "mai suna". In ta yi ɓarna na ɗaga hannu, sai ya ce daga inda yake zaune, "A'a, uwar yara, surukarki za ki daka? A gabana?" Yarinya ta ji an ce haka, ta gane. Tana shekara uku ta iya zubar mini da manja ta ruga ta ɓuya a bayansa, tana leƙowa ta ƙasan hammatarsa tana yi mini gwalo.

Tun da ya rasu kowa ya zo gaisuwa sai ya faɗi alherinsa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ni ma zan faɗa, don ni na fi kowa sani. Dillalin shanu ne, tsakanin Fulani masu kawowa da masu lodi zuwa Kudu. In kasuwa ta tashi, abokansa su zauna wurin mai balangu su ci su sha shayi, su yi ta hira. Shi sai ya ce a naɗe masa nasa a takarda. Suna yi masa tsiya wai an ɗaure shi da igiya a gida kamar ɗan maraƙi, ya ce, "Eh, kuma igiyar ba ta da tsawo, sai da safenku." Bai taɓa cin abu a waje da ba a ci a gidansa ba. Bai taɓa barin rumbu ya yi ƙasa ba, gonarsa ta Danchuwa shi da kansa yake zuwa, ba ya yarda da aike. Lokacin da na yi doguwar jinya bayan haihuwar autana, shi ya dinga yi wa yara wanka a tsakar gida, ya naɗe hannun riga yana cuɗa su da soso, 'yan'uwansa suna cewa ya zubar musu da mutunci. In 'yarsa ta yi yaji ta dawo gida, ba ya korar ta da faɗa, ba ya kuma zuga ta. Sai ya sa a ba ta abinci, ta yi barci, washegari ya saka hula ya tafi wurin mijin da kansa.

Matan unguwarmu ta Bolewa suna ce mini, "Ke kam kin more miji." Na more. Amma ba su san abin da ake ji ba in kana zaune kusa da mutumin da kowa yake so. Kai sai ka zama katangar da yake jingina.

Tun kan 'ya'yanmu abin ya fara. Mu yadda aka tashe mu, ɗan fari ba a kallonsa a gaban mutane, ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa. Na riƙe wannan da gaske. Yaron nan zai faɗi ya fasa gwiwa a gabana, amma sai in kau da kai in jira wata ta ɗaga shi. Malam kuwa ko a jikinsa. Ya ɗora shi a wuya ya fita da shi har bakin titi kallon tireloli, surukata tana yi masa faɗa wai ba shi da kunya. To yaro wa zai so? Wanda ya ɗauke shi, ko wadda ta kau da kai? Na ce ba komai, 'ya'ya na kunya ne, jikoki ba kunya a kansu, a nan zan fanshe. Sai aka tashi aka sa wa ta farkon sunan surukata.

Ga kuma maganar nama. Kowace mace ta san kwanon maigida shi ake fara zuba wa, kuma tsokar da ta fi kyau ita ake binnewa a ƙarƙashin miya. Haka nake yi masa kullum, don shi nake so ya ci, shi yake wuni a rana. Ranar Juma'a jikoki suna cika gidan, na wannan ɗa da na waccan 'ya, su kewaye tabarmarsa. Sai ya sa yatsa a miya ya yi kamar ya yi tuntuɓe, ya ce, "Kai! Me na tsinta haka?" Ya zaro tsokar ya yayyaga ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babban yanki na mai suna, uwar tasa. Shi ya ci tuwo da kuka zalla. Yara su koma gidajensu suna cewa Kaka ya ba su nama, Iya kuwa ƙashi ta sa musu. Wa ya sa naman a kwanon? Wa ya tsaya a hayaƙi? Ba wanda ya taɓa tambaya.

Ni ce mai kitso, tana ihu ina danne kanta tsakanin gwiwoyina. Ni ce mai ɗura magani, mai cire ƙaya, mai tashinta makarantar allo da sanyin safiya. Shi ne mai aljihu. Aya, dabino, goruba, alawar madara, wani lokaci ƙwai dafaffe da ɗuminsa. Tana jin ƙarar babur ɗinsa daga kan kwana za ta watsar da duk abin da na sa ta ta yi zaure.

Da ta yi ƙyanda yana gona, lokacin girbi ne. Ni na zauna a kanta kwana da kwanaki, ina shafa mata ruwa, ina kore ƙuda, ban runtsa ba, ban ci abin kirki ba. Ranar da zazzaɓin ya sauka ta buɗe ido ta gan ni a kanta, abin da ta fara cewa shi ne, "Ina Kaka?" Da yamma ya iso da damin gyaɗa ɗanya a bayan babur, ta tashi zaune. Maƙwabta suka ce ai ganinsa ne ya warkar da ita.

Ranar na kasa haƙuri. Da ta yi barci na same shi yana alwala a bakin rariya, na tsaya a kansa.

Na ce, "Malam, 'ya'ya ka kwashe, jikoki ka kwashe. Wannan ɗayar ni aka kawo wa. Ka bar mini ita mana."

Ya ɗago yana dariya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Da ya ga fuskata sai ya daina.

Ya ce, "Uwar yara, ni ban ƙwace miki kowa ba."

Na ce, "Ba ka ƙwace ba, sayewa kake yi da alawa."

Ya ce, "To ke ma ki saya mana."

"Da me? Ni da ke cikin gida? Kuma in na zama mai alawa, wa zai yi mata kitso? Kai?"

Ya tsaya yana juya buta. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan, ba a iya faɗa da shi. Ka zo da wutarka, ya tsaya yana tunanin yadda zai taimake ka.

Laraba ta zagayo, sai na ji bai shigo da babur ba, ya kashe shi tun daga nesa ya turo. Ya tsaya a zaure yana yi mini alama da hannu kamar saurayi. Na je. Ya zaro ƙullin alawar madara ya danƙa mini, ya ce a hankali, "Ki ba ta. Ki ce ke kika aika aka sayo." Na soke a haɓar zani, na koma na zauna, na bari har ya shiga ɗaki. Sannan na ce, "Ke, mai suna, zo ki karɓa."

Ta zo tana kallona kamar za a ba ta magani. Ta karɓi ƙullin, ta juya shi, ta kai hanci ta shinshina takardar. Sai ta kwasa da gudu ta yi ɗakinsa.

Ina jin su. Tana cewa, "Kaka, na gode!"

Yana cewa, "A'a, uwata, ai Iya ce ta saya miki."

Ta ce, "Ƙarya kake, warin aljihunka take yi. Iya ba ta sayen alawa, Iya magani take saye."

Ya fashe da dariya har yana tari. Daga baya ya fito yana goge ido ya ce mini, "Na yi iya ƙoƙarina." Ban yi masa magana ba har washegari.

Karatun nan ma da nake rubuta wannan da shi, haushi ne ya kai ni. Da ta shiga firamare, kullum bayan la'asar sai su baje a tabarma da littafinta, ita tana karantawa yana gyara mata, don shi ya ɗan yi boko a Kano kafin iyayensa su taso nan. Su yi ta dariya a kan wani abu da ke cikin takarda. In na ce mene ne, sai ta ce, "Iya, ba za ki gane ba." A gidana, ina tsintar shinkafar da za su ci. Na ji ana koya wa matan aure da tsofaffi a wata Islamiyya a bayan layinmu, na ce zan shiga. Na zaci zai ce tsofai-tsofai da ni ina zan kai boko, in samu abin faɗa. Sai ya tafi kasuwa ya sayo mini littafi da fensir da jakar leda, ya feƙe fensirin da wuƙarsa, ya raka ni har ƙofar makarantar. Kafin in iya haɗa baƙi ita ta wuce zuwa Turanci, shi ma ba ya ganewa, amma haka zai zauna yana gyaɗa kai tana karanta masa, ni ina gefe da "ba, bi, bu" ɗina.

Ciwon nasa bai daɗe ba. Ya dawo daga Danchuwa bayan an gama ɗaure gero ya ce ƙirjinsa yana yi masa nauyi. Yara suka kai shi asibiti, aka riƙe shi, aka sallamo shi da magunguna, ya kwanta a ɗakinsa. Lokacin yarinyar ta fara sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Ta ƙi zuwa makaranta. Ni nake juya shi, ni nake wanke shi, ni nake canja shimfiɗa. Ita tana zaune a gefen kansa tana yi masa fifita, in na ba shi kunu ya kau da kai, in ta karɓi ludayin sai ya buɗe baki.

Ranar da zai cika, da safe ne, rana ta ɗan ɗaga. Na aike ta ta karɓo nono don in samu in zauna da shi ni kaɗai. Na kama hannunsa. Tun ina yarinya ƙarama aka kawo ni gidan mutumin nan, ko Hausa ban iya sosai ba, a bakinsa na gyara ta. Na ce yau dai zai ce mini wani abu nawa. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya daɗe yana kallona, leɓensa yana motsi. Na sunkuya.

Ya ce, "Uwata ta karya kuwa?"

Na ce ta karya. Ya ce alhamdu lillahi. Daga nan sai salati, kafin ta dawo da nonon an rufe masa fuska. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na yafe masa duniya da lahira, shi ma na san ya yafe mini. Amma maganar ƙarshe da ya yi mini ke nan, kuma ba zan ce ba ta tsaya mini a wuya ba.

Aka yi zaman makoki, gida ya cika har waje. Fulani daga rugage, direbobi, dillalai, mutanen Danchuwa, wasu ban taɓa ganinsu ba. Mata suna shigowa su ce mini, "Ya haƙuri, Iya," su wuce wurin yarinyar su rungume ta su ce, "Wayyo, uwar Malam, ke aka yi wa mutuwa."

Bayan addu'ar bakwai babban ɗana ya shigo ɗakina ya durƙusa daga bakin ƙofa. A Damaturu yake aiki, can iyalinsa suke. Ya ce, "Iya, mun yi magana da uwarta. Dama Baba ne ya ce a bar masa ita. Yanzu tunda ba ya nan, in kin fita takaba zan zo in ɗauke ta. Akwai makaranta kusa da mu, ga ƙannenta sun yi wa uwar yawa. Ke kuma sai a kawo miki wata daga cikin yaran ta dinga kwana da ke."

Baba ne ya ce a bar masa. Ni da aka miƙo wa ita a hannu. Na so in ce wani abu, amma ɗan fari ne, ban saba doguwar magana da shi ba. Na kalli bango na ce, "Allah Ya kai mu."

Watannin takaba muka yi su mu biyu. Ba na fita, ita ce 'yar aikena. Ba ta yi mini rashin kunya ba, amma ba ta hira. Duk lokacin salla sai ta cika butarsa ta ajiye a inda yake alwala, in lokacin ya wuce ta zubar a gindin zogale. Ta ɗauke hularsa ta sa a ƙarƙashin matashinta. Na ce bari in gwada irin nasa. Na sa aka sayo nama, na binne mata tsoka a miya. Ta tono ta, ta kalla, ta mayar gefen kwano ta ci tuwonta. Wata rana tana shara na daure na ce, "Uwata, kawo mini ruwa."

Ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Ba ta juyo ba ta ce, "Iya, don Allah kar ki ƙara kira na haka."

Ban ƙara ba.

Ina ƙirga kwanakin fita takaba, mata suna cewa na kusa hutawa, ni kuwa na san abin da ke jirana. Ban ce mata ta zauna ba. Ban iya roƙo ba, balle roƙon yarinyar da na wanke wa kashi. Na ga dai ta wanke kayanta ta ninke.

Na fita takaba ranar Alhamis, Asabar da hantsi babban ɗan nawa ya iso da mota. Ya gaishe ni, ya ci ɗanwake, ya ce mata ta fito da kayanta. Ta fito da jaka, ya karɓa ya kai mota ya dawo. Ina zaune a kan kujera 'yar tsugunne ina gyaran yakuwa, ban ɗaga kai ba. Ya ce, "To yi wa Iya sallama."

Ta ce, "Baba, ni fa ba zan tafi ba."

Ya ce, "Kamar yaya? Ga jakarki a mota."

"Na bari ne kar ka ce na yi maka gardama tun daga ƙofa. Kaka ya ce kar in bar Iya ita kaɗai. Ya ce ko an zo ɗaukata in ce shi ya ce."

Uban ya sunkuyar da kai, na ga yana goge ido da bakin hula. Mutum yana kabari, amma har yanzu shi ke rabon nama a gidan nan. Ko zaman da za ta yi da ni, shi ne zai zaro daga aljihu ya miƙo mini.

Na ture tiren yakuwa na ce, "In don shi ne, ɗauki mayafinki ki bi ubanki. Ni ba ajiyar kowa ba ce da za a bar wa mai gadi."

Ɗana ya ce, "Haba, Iya."

Na ce, "Ba da kai nake ba."

Ta zo ta tsaya a gabana, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "To ke kina so in zauna?"

Na ce, "Ruwanki."

"A'a, ba ruwana ba. Tambayarki nake. Tun da nake a gidan nan ban taɓa jin kin ce kina son ko da zamana ba. Kullum 'ke, tashi', 'ke, zo nan', 'ke, kin ƙona miya'. Ko suna ba ni da shi a bakinki. In kina so ki faɗa, in ba kya so ga mota can."

Uban ya daka mata tsawa, "Ke! Iya kike yi wa magana haka?"

Na ce masa, "Kai, fita."

Ya kalle ni.

"Fita zaure na ce. Ba zan yi wannan maganar a gabanka ba."

Ya tashi ya fita, mutum da furfura a gemu, yana sanɗa kamar yaro. Na jira har na ji ya ja ƙyauren zaure. Na jawo tiren na ci gaba da tsinke yakuwa, don ba zan iya kallonta ba.

Na ce, "Ina so ki zauna."

Ta ce, "Ban ji ba."

"Kin ji, 'yar banza. Ina so. Tun ranar da aka kawo ki kika cije ni nake so. Shi ne ya tare ko'ina, bai bar mini ko gefe ba."

Na zaci za ta faɗo jikina tana kuka yadda take yi masa. Sai ta ja wata kujerar ta zauna nesa kaɗan, ta ɗebi yakuwa ta fara tsinkewa.

Ta ce, "Zan zauna. Amma gaskiya, Iya, don shi ne. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce, "Na sani."

"Ke kuma sai a hankali."

Na so in ce ta tashi ta tafi. Maganar ta zo har bakina. Na kalli ɗakinsa a rufe, na kalli nawa, na haɗiye ta. Na ɗaga murya na ce wa na zaure ya shigo da jakar.

Ya shigo da ita a kafaɗa ya dire a tsakar gida. Wayarsa tana ta ƙara a aljihu. Ya zaro ya duba, ya ce, "Uwarta ce, tana tambaya ko mun taso. Ni dai ba zan iya ba, Iya, ke za ki yi mata bayani." Ya danna ya miƙo mini.